Na'urar Lantarki Mai Sa Barci: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Saya



Maganar barci na kawo mana yau. Yanzu akwai wasu 'yan na'urori da ake tallarsu a Facebook da WhatsApp, ana cewa ki maƙala a kunne ko ki riƙe a tafin hannu, lantarki ya ɗan ratsa fatarki, sai barci ya kwashe ki. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne, kuma wadda ta saba kwana ido biyu, duk abin da aka ce mata magani ne za ta saya. To kafin wata ta kwashi adashinta ta zuba, gara mu san mene ne abin.

Yin magani da lantarki ba yau aka fara ba. Kun dai san minjirya, kifin nan da ke jan mutum in ya taɓa shi. Kusan shekara 2,000 da suka wuce, wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan jan. A shekarun 1950 kuma likitocin Tarayyar Sobiyet suka riƙa sa wa marasa lafiya lantarki mai rauni a kai, suna kiransa barcin lantarki. Na'urorin yau jikokin waɗannan ne.

Yadda suke aiki shi ne, jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, ba na jini ba, da ma da ɗan lantarki suke isar da saƙonsu. Sai na'urar ta turo nata ta cikin fata don ta taɓa su. Da batir take aiki. Irin ta kunne galibi ba ta wuce miliamfiya 4, alhali cajar waya tana fitar da 1,000 ko fiye. Abin da za ki ji bai wuce ɗan tsikari ba.

Sai dai ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan masu talla suke cakuɗa mana magana.

Ta farko ita ce TENS, mai 'yan faifai da ake mannawa a baya ko gwiwa. Wannan ta rage zafin ciwo ce. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka yi bayanin cewa saƙon taɓawa yana iya tare wa saƙon ciwo hanya a lakar baya. Kowace uwa ta san wannan: yaro ya buge goshi, kin murza masa, kuka ya lafa. Ita kanta ba ta sa barci. Amma in ciwon baya ne ke hana ki runtsawa, kuma ta rage miki shi, to barcin na iya zuwa. Wasu tana yi musu aiki, wasu ba ta yi.

Ta biyu ita ce wadda ake maƙalawa a fatar kunne ko a manna a kai, don lantarkin ya kai ga ƙwaƙwalwa. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sa irin wannan a rukunin na'urori masu matsakaicin haɗari idan don rashin barci ko fargaba ne. Masu talla suna son ambaton wannan. Abin da ba sa faɗa shi ne, a 2018 wasu masu bincike a can Amurka sun tattara gwaje-gwaje 26 da aka yi a kan irin na'urar, suka ce hujjar da ke akwai ba ta isa a ce tana maganin rashin barci ba. Ba su samu wata babbar illa ba. Ita ma fa'idar ba su tabbatar da ita ba.

Ta uku tana taɓa wata jijiya mai suna vagus, wadda ke lafar da bugun zuciya, ta sa jiki ya natsu. Wani reshenta yana cikin kunne. A 2024 aka wallafa wani gwaji daga ƙasar Sin mai mutum 72. Aka raba su biyu na mako 8, rabi da na'urar tana aiki sosai, rabi da ta je-ka-na-yi-ka, ba tare da sun san wacce ke kunnensu ba. Na farkon sun fi samun sauƙi. Me ya sa ake yin wannan rabon? Saboda mutum in ya yarda cewa abu zai sa shi barci, hankalinsa yakan kwanta har ya yi barcin, ko da abin fanko ne. Sakamakon yana da daɗin ji, amma mutum 72 ba su da yawa, kuma kullum sau biyu suke zama minti 30 da ita, kwana 5 a mako, likita na bibiyarsu.

Ku lura, duk waɗannan gwaje-gwajen na barci a kunne da kai aka yi su. Ƙaramar nan da ake riƙewa a tafin hannu ba ta cikinsu. Don haka in mai talla ya ce miki “an gwada a Amurka”, ki tambaye shi: wacce aka gwada, wannan ta hannunka ko wata?

Akwai waɗanda bai kamata su sa irin wannan na'ura ba sai da izinin likita: mai ciki, mai farfaɗiya, da wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. Kada a manna ta a maƙogwaro, ko kusa da ido, ko kan rauni. Kada a sa a banɗaki ko ana tuƙi, kada kuma a sa wa yaro. Don Allah kada kowa ya bari a harhaɗa masa wata a gida da wayar wuta. Wutar soket kisa take yi.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci: me ke sace miki barcin? Babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye. Idan rashin barcin ya kai dare 3 a mako har wata 3, kuma yana taɓa aikinki da rana, ya zama abin zuwa asibiti. Sau da yawa dalilin a fili yake. Goro da shayi suna da sinadarin kafin, wanda bayan awa 5 ma kusan rabinsa yana nan a jiki, ke nan goron la'asar yana bin ki har shimfiɗa. Iyayenmu da al'ada ke ɗauke musu, zafin jiki da gumin dare ke tashin su. Yawan tashi fitsari na iya zama alamar ciwon suga. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke yankewa a cikinsa ciwo ne da ke da alaƙa da hawan jini, kuma mazajenmu ku ma ku ji wannan. Akwai wadda da ta kwanta sai ƙafafu su dame ta, sai ta motsa su take jin sauƙi. Wannan ya fi yawa ga masu ciki da masu ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma gwajin jini kan nuna shi. Ga tunanin bashi, ga kuɗin makaranta, ga damuwar da ba a faɗa wa kowa. Duk waɗannan, maƙala abu a kunne ba zai taɓa tushensu ba.

A 2016 babbar ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta ba da shawarar cewa maganin farko ga daɗaɗɗen rashin barci shi ne gyaran ɗabi'a da tunani, tun kafin a kai ga ƙwaya. Kusan duk abin da ke cikinsa kyauta ne. Ki riƙa tashi lokaci ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Kada ki hau gado sai barci ya fara fizgar ki. In kin yi kamar minti 20 kina juyi, ki sauko ki zauna wuri mai ƙarancin haske har ya dawo. Ki ajiye waya nesa da filo. Lissafin kasuwa a gama shi tun da yamma a littafi, kada a kai shi shimfiɗa. Ƙwayar barci irin su Valium kuwa, kada a saye ta a kemis ba takardar likita, don jiki yana sabawa da ita, barinta ya zama aiki.

In bayan duk wannan likita ya ga ya dace ki gwada na'ura, ki nemi mai rajistar NAFDAC, ki karanta takardarta, ki fara da mafi ƙarancin ƙarfi. Ki riƙa rubuta lokacin kwanciya da na tashi tun mako 2 kafin ki fara, don ki gane ko akwai bambanci. Mu masu saye da sayarwa kuma, in an kawo mana su a sari, kada mu yi wa maƙwabciya alkawarin da masu binciken ma ba su yi ba. Wadda ta saya a hannunki saboda ta yarda da ke ne, kuma gobe ma za ku haɗu.

Allah ya ba mu lafiya da barci mai daɗi.