Jawabin Sallamar Ɗalibanmu Masu Tafiya Koyon Noman Lambu a Ƙetare



Masu girma hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu mata, manoman Ikara da Maƙarfi da Kudan, barkanku da zuwa.

Mun taru yau domin sallamar 'ya'yanmu da za su ƙetare neman ilimin noman lambu. 'Ya'yana, kun gaji wannan sana'a. Kakanninku sun yi ban-ruwa da jigo a fadamu tun kafin zuwan inji. Raken Maƙarfi da Kudan ya yi suna, tumatirinmu na cika motoci zuwa Kudu, cibiyar binciken noma ta Samaru kuwa tun 1922 muke maƙwabtaka da ita.

Amma mun san inda ke mana ciwo. A 2016 tsutsar da muke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, ta tura ƙwararru Kenya su koyo dabarun yaƙarta. Shekarar da tumatir ya yi albarka kuma, sai ka ga kwanduna jere a bakin titi, rana na dukansu, ruwa na tsiyaya ta gindinsu, manomi ya sayar a wulaƙance. Masana'antar tumatir da aka kafa a Ikara a 1981 ta shafe shekaru a rufe. Waɗannan matsaloli ne muka aike ku nemo wa magani.

Idan kun isa Holan, ku shiga lambun Leiden da aka kafa a 1590, ku ga yadda ake adana tsiro da tarihinsa. A jami'ar Wageningen ku koyi renon iri a faranti, da ban-ruwa na ɗigo, da adana amfani bayan girbi. Wanda ya je Sifen ya duba magudanan ruwan Alhambra, ya karanta Kitabul Filaha na Ibnul Awwam, masanin noman Andalus na ƙarni na 12. Duk abin da aka nuna muku, ku tambaya: zai jure zafin bazara? Manomin Hunkuyi da ba shi da lantarki zai iya sayensa? Abin da ya ci wannan jarrabawa shi za ku kawo mana.

Mu kuma iyaye da hukuma, nauyinmu ne mu tanadar wa 'ya'yan nan namu fili da jari kafin su dawo.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya, ya sa albarka a karatunku.