A liƙa mana takardar wuta a bakin ƙofa

Kwanan baya na taso daga Affala na shiga wani ofishi cikin Tawa. Babu kowa a ɗakin, taga a buɗe, na'urar sanyi kuwa sai aiki take. Wa ke biyan wannan wutar? Ni da ku, da harajinmu.

A Faransa, doka ta tilasta wa manyan gine-ginen gwamnati liƙa takarda a mashiga, mai harafi daga A zuwa G, don kowa ya ga yawan wutar da ginin ke ci. Mu da muka kwana cikin duhu a Agustan 2023, sa'adda Najeriya ta yanke mana layi, ai mu muka fi buƙatar irinta.

Kuma ba dabara muka rasa ba. Nan jiharmu Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Amma ofisoshinmu, bulo da kwano, watan Afrilu sai ka ce tanda.

Ran Litinin mu tafi ofishin magajin gari, cikin ladabi, a nuna mana kuɗin NIGELEC na bara.