Jawabi Ga Iyaye A Kan Wayar Hannu Da Karatun 'Ya'yanmu

 

An ce in yi magana a kan abin da masana halayyar ɗan'adam suka gano game da yawan riƙon waya tsakanin matasa da ɗalibai. A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, kuma a lokacin sai mai hali ke riƙe ta. Yau kuwa daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, daga Dilimi zuwa Rikkos, da wuya ka shiga gidan da babu yaro mai latse-latse.

To, yaya ake gane abin ya wuce gona da iri? A 2013 wasu masana a Koriya ta Kudu suka tsara tambayoyi 10 don auna matasa. Daga cikin alamomin akwai yaro ya bar aikin da ya shirya yi saboda waya, ya kasa tattara hankali a aji, ya ƙosa idan ba ta hannunsa, mutane kuma su riƙa ce masa ya yi yawa. A 2019 masana na King's College da ke Landan suka haɗa bincike 41, suka ga kusan ɗaya cikin huɗu na yara da matasan da aka auna yana da irin wannan matsala. Sun kuma ga tana tafiya tare da damuwa, ƙarancin barci da raunin karatu.

Ga wani abin mamaki. A 2017, a wani bincike da wani masani na Jami'ar Texas ta Amurka ya jagoranta, an ba ɗalibai gwajin da ke bukatar natsuwa. Wasu wayarsu na kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki. Ko da yake duk wayoyin shiru suke, waɗanda tasu ke wani ɗaki su suka fi ƙoƙari. Wato ganinta kawai yana cin wani kaso na hankali.

Amma jama'a, mu yi adalci. A 2019 ɗin dai, masana na Jami'ar Oxford sun duba bayanan dubban matasa, suka ga yawan awannin da ake yi da na'ura kaɗan ne ƙwarai yake da alaƙa da walwalar yaro. Kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, don haka yaron da aka hana taɓa na'ura an cuce shi. Abin dubawa shi ne, me wayar take ƙwace masa? Barci ne? Karatu ne? Zama da 'yan'uwa ne?

Likitoci sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Mu kuwa a Jos sanyi ya ba yara mafaka. Uwa ta leƙa ɗaki ta ga an ƙudundune cikin bargo, ta ce ai ya yi barci, alhali yana can yana hira har ƙarfe biyun dare. Gobe a aji sai gyangyaɗi.

Saboda haka shawarata uku ce. Na ɗaya, a sa lokaci da dare da za a tattara wayoyi a kai ɗakin iyaye, can za a yi musu caji. Na biyu, lokacin bitar karatu waya ta bar ɗakin gaba ɗaya, ba kifa ta kan tebur ba. Na uku, mu fara da kanmu. Uban da ɗansa ke yi masa magana idonsa na kan waya, da wane baki zai yi faɗa?

Idan kuma yaro ya daina cin abinci, ya guji mutane, ko ya riƙa tayar da hankalin gida in an karɓi wayar, duka ba magani ba ne. A kai shi ga likita; Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a.