Ciwon Ƙirji Mai Bin Wata: Yadda Za Mu Gano Endometiriyosis ta Ƙirji a Suleja

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya, Suleja, Jihar Neja



An ba ni ɗan lokaci in yi magana kan wata cuta da yawancinmu muka ji sunanta a makaranta, muka rubuta jarrabawa, muka wuce. Endometiriyosis cuta ce da wani nama irin wanda ke shimfiɗe a cikin mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifa. Duk inda ya tsira, sinadaran jikin mace ke juya shi: ya kumbura da zagayowar wata, ya zubar da jini lokacin al'ada, jinin kuma ba shi da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na damun mace ɗaya cikin goma daga masu shekarun haihuwa, kusan miliyan 190 ke nan a duniya. Galibi a mara take zama. In ta bar mara da ciki kuwa, ƙirji ta fi nufa: tantanin da ya lulluɓe huhu, ko tsokar da ta raba ƙirji da ciki, ko cikin huhun kansa.

Tun 1958 Maurer da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata mata da huhunta ke sacewa duk lokacin al'ada. A 1996 Joseph da Sahn suka tattara bayanan mata 110 masu wannan lalura. Kashi 73 cikin ɗari iska ce ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji ta danne huhun, kashi 14 jini ne ya taru a wurin, kashi 7 tarin jini, kashi 6 kuma ƙulli a huhu. To amma wannan lissafi ba a ƙasarmu aka yi shi ba. Rahoton da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu suka fitar a 2021 ya nuna cewa a matan da suka gani, taruwar jini a ƙirji ce ta fi yawa. Wannan bambanci ya dace mu riƙe, domin ƙirji mai ruwa da jini a garin nan suna ɗaya muke ba shi tun kafin sakamako ya fito: tarin fuka.

Ban ga laifin wanda ya fara zargin tarin fuka ba. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu shi, kuma wanda ya kama tantanin huhu sau da yawa ba ya bayyana a gwajin kaki. Matsalar ita ce tsayawa a nan. Mu ɗauki misalin mace 'yar shekara talatin da 'yan kai, daga Madalla ko Kwamba, ta zo tana haki, tana dafe da haƙarƙarin dama. Hoto ya nuna gefen dama ya yi fari fat har kusan rabi. Aka soka allura, sirinji ya cika da ruwa mai duhu, launin tsohon jini. Gwajin tarin fuka na GeneXpert bai ga komai ba. Aka ce a fara maganin tarin fuka a gani. Ta sha na wata shida, fitsarinta ya koma ja, a gida an ware mata kwano da kofi, ruwan kuma ya dawo sau uku a tsakani. Kowace dawowa an zuƙe, an rubuta kwanan wata a kati. Da wani ya jera waɗannan ranaku ya duba, da ya ga kusan kwana ashirin da takwas ne tsakaninsu, ko ninkinsa.

Saboda haka gwajin farko tambaya ce, kuma ko sisi ba a biya: ciwon nan yana da alaƙa da lokacin al'adarki? Alamomin sukan fara daga kwana ɗaya kafin zuwan jini zuwa kwana uku bayan farawarsa. A nan muna da wata dama da likitocin Turai ba su da irinta. Mace Musulma ta san ranar da ta fara fashin salla da ranar da ta yi wanka, ta san yawan azumin da ake bin ta. Ka ce mata, "Hajiya, ranar da numfashin ya toshe, kina salla ko kina fashi?" Nan take za ta lissafa maka. Sai dai ba a gaban miji ko uwar miji ake wannan tambaya ba, kuma sau da yawa ungozoma ko nas mace ta fi samun amsa. Ita mara lafiyar ba za ta kawo zancen da kanta ba. Me ya haɗa tari da al'ada a tunaninta? Wata ma ta riga ta yanke cewa sammu ne ko iska, tunda abin na zuwa da ƙa'ida, kuma an sha rubutu an yi hayaƙi kafin a iso gare mu.

Akwai alamomin da ke ƙarfafa zargi. Na farko, gefen dama: kusan tara cikin goma na masu cutar a dama take kama su. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, ruwan da ke cikin ciki yana zagayawa ne ya hau ta gefen dama har ƙarƙashin tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki, ya ɗauki ɓurɓushin naman ya ajiye a can saman hanta. Naman ya ci tsokar, ya bar ƙananan huji, iska ko jini su bi ta nan. Sai ciwon kafaɗar dama mai zuwa da wata, wanda ake yawan bai wa man zafi. Sai tsananin ciwon mara tun budurci, zafi lokacin kwanciyar aure, da jinkirin haihuwa. A duba cibiya kuma. Wasu suna da ɗan ƙulli baƙi a nan mai tsattsafar da jini lokacin al'ada. In mace ta ce ciwon ya ɗauke sarai da ta sami ciki, ya dawo bayan ta ga jini, to magana ta kusa ƙarewa.

Game da na'urori, lokaci ya fi tsadar na'ura muhimmanci. Hoton ƙirji da aka ɗauka a tsakiyar wata zai iya fitowa lafiya lau. A ɗauka cikin kwanakin jini, a sake bayan mako biyu, a ɗora su gefe da gefe. Sikanin ciki da muke yi wa masu juna biyu yana ganin ruwa a ƙirji, yana kuma ganin ƙullin jini a ƙwan mace. Hoton CT na taimakawa wajen kawar da zargin daji da sauran cututtukan huhu, MRI kuma ya fi ganin tabon jini a kan tsokar numfashi. Gwajin jini na CA-125 ba abin dogaro ba ne, don tarin fuka na ciki ma yana ɗaga shi; kada a sa talaka ya kashe kuɗinsa a kai da sunan tabbatarwa.

Tabbaci yana samuwa ne in likitan tiyata ya leƙa ƙirji da kyamara ta ƙaramin huji, ya ga ɗigo-ɗigo masu launin shuɗi ko ƙasa-ƙasa da hujin tsoka, ya yanko nama a kai ɗakin gwaji. An fi son a yi wannan lokacin al'ada, kuma ko naman bai nuna ba, hakan bai wanke cutar ba. Wannan aiki na manyan asibitoci ne. Mu kuwa Allah ya sa muna bakin Abuja: ga Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ga Asibitin Ƙasa. Abin da ke kanmu shi ne takardar turawa ta faɗi zargin ƙarara, da ranakun, kuma ta nemi likitan mata da na ƙirji su gan ta tare, domin magani yakan haɗa tiyata da magungunan dakatar da al'ada na wasu watanni. A kula, maganin tarin fuka na rifamfisin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali, don haka a sanar da su in tana kansa.

Wadda ta zo numfashi na sarƙewa, a sa mata bututu a ceci ranta tukuna, tambaya ta biyo baya. Roƙona ga masu kula da sashen tarin fuka da ɗakin gaggawa shi ne a ƙara layi biyu a katin duk macen da ba ta daina al'ada ba: ranar da jinin ƙarshe ya fara, da ranar da ciwon ƙirji ya fara. Wadda gwajin kakinta bai nuna komai ba, kuma ruwan ya dawo a dama karo na biyu, a tura ta gaba kafin a sake rubuta mata wani wata shidan.