Hawan Jinin Ido da Maganinsa da Hasken Leza: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganata yau a kan wani ciwon ido ce wanda ke makantar da talakawanku a ɓoye, da kuma wata hanyar magani da ya kamata ku san ta, domin ku bayyana wa dagatai da masu unguwanni, su kuwa su isar wa jama'a.

Ciwon nan likitoci na kiransa gulukoma, mutanenmu kuwa suna cewa hawan jinin ido. Amma a gaskiya ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne. A cikin ko wane ido akwai wani ruwa garai-garai da ke ɓuɓɓugowa dare da rana, yana ciyar da gaban ido, sa'an nan ya fice ta wata 'yar rariya mai ƙananan ƙofofi da ke kewaye da baƙin ido daga ciki. In rariyar nan ta cushe, ruwa ya rasa mafita, sai ya matse ido, kamar salkar da aka cika fiye da kima. Matsin nan shi ke kashe jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, kaɗan kaɗan. Likita yana da abin auna shi. A ido mai lafiya awon yakan tsaya tsakanin 10 da 21, ko da ya ke akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa awonsu bai wuce haka ba.

Muguntar ciwon ita ce, irin da ya fi yawa a ƙasarmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Ganin gefe ya kan fara ci, mutum bai sani ba, sai ya riƙa tuntuɓe da kaya yana cin karo da bakin ƙofa. Kafin ya farga, rabin gani ya tafi. A nan ne ya bambanta da yana. Mai yana in an cire masa ita a asibiti ya kan koma gani. Abin da hawan jinin ido ya ci kuwa, ya ciwu ke nan har abada.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007, a kan masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna wajen mutum 5 cikin 100 suna da ciwon. Makaho ɗaya cikin shida shi ne ya makantar da shi, watau ban da yana babu abin da ya fi shi. Cikin masu ciwon kuwa, wajen ɗaya cikin ashirin kaɗai ya san yana da shi.

To, magani duka manufarsa guda ce, a rage matsin ruwan nan. Hanyoyi uku ne: maganin ɗigawa, da fiɗa, da hasken leza. Maganin ɗigawa yana aiki, amma sai a ɗiga shi kullum har ƙarshen rai. Kun fi kowa sanin halin talaka. Kwalba ta ƙare, kuɗi babu, kantin magani yana da nisa, ga aikin gona, sai a bari. Fiɗa kuwa mutane da yawa suna tsoronta, tana kuma bukatar jiyya da komawa asibiti sau da yawa.

Leza wani haske ne da na'ura ke tattarawa wuri guda, siriri ƙwarai, har likita ya iya auna shi a kan abin da bai kai kan allura ba. A 1979 wasu likitoci biyu a Amurka, Wise da Witter, suka bayyana yadda a ke harba shi a kan rariyar ido, amma irin nasu ya kan bar 'yar ƙuna. A 1995 Latina da Park, su ma a Amurka, suka fito da wani iri mai sauƙi wanda a ke kira SLT. Shi wannan walƙiya ce gajera ainun, tana taɓa ƙwayoyin rariyar masu launi kaɗai, ta bar sauran. Daga nan jiki da kansa ya kan share wurin, ruwa ya sami hanya.

Ga yadda a ke yi. Mutum zai zauna a kujera ya ɗora haɓarsa a kan na'ura. A ɗiga masa maganin kashe zafi, a aza wani ɗan gilashi a kan ido, likita ya harba hasken kamar sau 50 zuwa 100 kewaye da rariyar. Wajen minti goma an gama. Ba wuƙa, ba ɗinki, ba a kwantar da shi. Ido ya kan yi ja ko dishi-dishi kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci matsin ya kan tashi na 'yan sa'o'i, shi ya sa a ke sake aunawa kafin a sallame shi. Amfanin ya kan bayyana bayan 'yan makonni, in ya karɓa matsin ya ragu da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

An gwada hanyar nan sosai. A Ingila, asibitin ido na Moorfields ya shugabanci gwaji a kan mutum 718, aka buga sakamakon a 2019. Bayan shekara uku, wajen uku cikin huɗu na waɗanda aka fara musu da leza ba su bukaci maganin ɗigawa ba. Saboda haka a 2022 hukumar da ke tsara ka'idodin magani a can ta ce a riƙa farawa da leza ga sababbin masu ciwon da bai yi nisa ba. A garin Moshi na ƙasar Tanzaniya kuma aka gwada mutum 201, yawancinsu ciwon ya riga ya yi ƙarfi. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna bayan shekara guda leza ta ci nasara a ido 61 cikin 100, maganin ɗigawa mai suna timolol kuwa a 31.

Amma kada ku yi wa mutane alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Leza ba ta mayar da ganin da ya tafi, tsare wanda ya saura ta ke yi. Ba kowa ta ke karɓa ba, ƙarfinta kuma ya kan ragu bayan 'yan shekaru, sai a sake yi. Wanda ciwonsa ya yi nisa watakila sai an haɗa masa da ɗigawa ko fiɗa. Ba kuma ko wane asibiti ke da na'urar ba, likitan ido ne zai faɗi inda za a je.

Abin da a ke roƙonku huɗu ne. Na fari, duk mai shekara 40 ya je a auna masa ido, ko da yana gani sarai. Na biyu, ciwon yana bin jini, saboda haka in an same shi ga mutum, a tura 'ya'yansa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya. Na uku, ku gargaɗi jama'a game da sayen maganin ɗigawa a kasuwa ba da takardar likita ba, don wasu na ƙaiƙayin ido suna ta da matsin in an daɗe ana ɗigawa. Na huɗu, ku malamai, ku rubuta sunan wanda aka yi wa leza da ranar da aka ce ya koma, in ta matso ku aika wa mai unguwarsa ya tuna masa. Mutum ya kan ga ba abin da ke damunsa ya ƙi komawa, alhali kuwa matsin ya dawo yana ɓarna.

Magidanci in ya makance, gonarsa ta kwanta, a kan kuma cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora. Maganarku tana da nauyi a wurin talakawa fiye da ta likita. Ku yi amfani da ita tun idanunsu na gani.