Jawabi ga Iyayen Yaro Mai Larurar Rashin Natsuwa

 

Da yawa daga cikinku ƙarar malamai ko ta maƙwabta ce ta kawo ku: yaro ba ya zama wuri ɗaya, ba ya jin magana, yana dukan ƙannensa. Idan likita ya tabbatar cewa yana da larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda ake kira ADHD, to ku sani ba rashin tarbiyya ne ya jawo ta ba. Larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, sau da yawa gadonta ake yi, kuma tana samun kimanin yara 5 cikin kowane 100 a duniya.

To me ya sa iyaye za a horar? Domin ku ne kuke tare da yaron dare da rana. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Lafiya ta Malesiya ta fitar a 2008, ta kuma sabunta a 2020, sun sa horar da iyaye cikin hanyoyin kula da wannan larura. Horon ba ya kawar da ita, amma yana rage taurin kai da faɗa. Ga abin da ake koyarwa:

1. Ku ware minti 10 zuwa 15 kullum ku yi wasan da yaron ya zaɓa, ba gyara, ba faɗa.
2. Ku yaba masa nan take, ku faɗi abin da ya yi: "Madalla, ka ajiye takalminka."
3. Ku matso kusa, ku haɗa ido da shi, ku ba da umarni ɗaya gajere. Sai ya gama ku ba da na biyu.
4. Ku kau da kai daga ƙananan abubuwa kamar ƙunƙuni.
5. Idan ya doki wani, ku zaunar da shi a wuri mai shiru, minti ɗaya ga kowace shekara ta haihuwarsa. Ɗan shekara 6, minti 6 ke nan.

Duka da tsawa kan tsayar da yaro na ɗan lokaci, amma darasin da yake ɗauka shi ne mai ƙarfi yana dukan marar ƙarfi, sai ya gwada a kan ƙaninsa. Uwa da uba su tsaya a kan magana ɗaya. A makonnin farko hali na iya ƙara ɓaci kafin ya gyaru, kada ku karaya.

Mun san zaman Danau Kota zaman gidan bene ne, babu tsakar gida, babu kaka ko goggo da za ta karɓe ku. Ku riƙa fita da yaron filin shaƙatawa na bakin tafki ya yi guje-guje. Kafin ku shiga kasuwar dare, ku gaya masa doka biyu da ladan da zai samu idan ya kiyaye.

Daga shekara 6, likita kan haɗa horon da magani irin su methylphenidate idan akwai buƙata. Wanda bai ga likita ba tukuna, ya fara da ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, a ba shi takardar zuwa Asibitin Kuala Lumpur da ke Jalan Pahang. Idan yaro ya ji wa kansa ko wani rauni, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kawo shi da gaggawa.

Allah ya shirya mana zuriya.