Keke Mai Ƙatuwar Ƙafar Gaba

Sharhinmu na yau kan wani tsohon keke ne da ya yi tashe a Ingila da Faransa daga wajen 1870, mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya.

Dalilin wannan siffa shi ne rashin sarƙa. Feda a jikin ƙafar gaba take, don haka kowane tuƙi ɗaya zagaye ɗaya ne na ƙafar. Mai son sauri sai ya ƙara mata girma, har wasu suka kai kusan mita ɗaya da rabi. Eugène Meyer a birnin Paris ya ɗaure ƙafar da siraran wayoyi ta yi sauƙin nauyi, James Starley kuma a Coventry ya fito da samfurin Ariel a farkon shekarun 1870.

Hawansa sai mai ƙarfin hali. Mahayi yana zaune can sama daidai kan ƙafar gaba, ɗan dutse kaɗan ya isa ya wurgo shi ya faɗo da ka. Duk da haka, Thomas Stevens ya zagaye duniya a kan irin wannan keke daga 1884 zuwa 1886.

A 1885 John Kemp Starley ya kawo keken Rover mai sarƙa, Dunlop ya biyo da tayar iska a 1888, zamanin dogon keke ya wuce. Waɗancan maƙera sun cancanci yabo, domin kan gwajinsu aka gina keken da talaka ke hawa yau.